Takardarka Tana Nan, Ishaya

Kagoma, ta hanyar Kafanchan.

Zuwa ga ɗana Ishaya Dogara, a duk inda wannan takarda ta same ka.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan kana lafiya, kai da iyalinka in ka yi iyali. Mu a nan lafiya daidai gwargwado. Mamarka tana gaishe ka. Gwiwata ta hagu tana nan yadda ka bar ta, ta dama ma ta bi sahu. Ruwa ya sauka da wuri bana, doya ta fara hawa sanda.

Bayan gaisuwa, kada ka yi mamakin ganin sunanka a jaridar ikkilisiya. Ba ni da adireshinka. Shekara shida ke nan da tafiyarka, sau biyu muka ji motsinka: ka aiko rediyo ta hannun wani direba, ka kuma aiko wa mamarka zane. Ko layi ɗaya na rubutu babu, kai da ka koya wa 'ya'yan mutane riƙe fensir. Rediyon yana aiki, yana gaya mini labarin duniya duka, ban da naka. Fasto ya ce wannan jarida tana kaiwa har majami'un Hausa na kudu, su Inugu da Fatakwal da Ikko. Saboda haka duk wanda ya san wani dogon mutumin Kagoma mai tabo a girar dama, ya taimaka ya miƙa masa. Wanda kuma ya tsaya karantawa don jin gulma, ya ci gaba, na riga na gama da kunya.

Da hannuna na rubuta. Na gaya wa mai bugawa ya gyara harafi in ya karkace, amma kada ya taɓa mini magana.

Ka san ban shiga aji ba ina yaro. Da mishan suka zo neman yara, ubana ya ba su ƙanena, ni ya ce in bi awaki. Wannan ma magana ce da ban gama da ita ba, sai dai mai ita ya riga mu tafiya. Bayan ka tafi ne na shiga ajin yaƙi da jahilci na zumuntar mata, Talata da Alhamis da yamma, ni kaɗai namiji a bencin baya. Shekara uku. Sun yi dariya har suka gaji. Matar ƙanena ta ce furfura da sileti ba su dace ba. Ita har yau ba ta iya rubuta sunanta ba, ni ga shi ina rubuta maganarta a jarida. Dalilin shigata ajin zan faɗa maka a gaba. Bari in bi abin daga tushe.

Ka tuna tsanin da ka zana da alli a bangon ɗakinka? Shekarar da aka yi tashin hankali a Kafanchan ce, kana sabon tica a wata firamare ta wajen Samaru Kataf, da satifiket ɗinka na Giredi Tu. Ka zo hutu, ka kira ni da mamarka ka zaunar da mu a bakin gado kamar 'yan aji ɗaya, ka ɗauko tsinken dawa kana nunawa.

Matakala biyar ka yi masa. Ta ƙasa Giredi Tu, inda kake tsaye. Ta biyu karatun hutu a kwaleji, kana koyarwa kana koyo, har a ba ka babbar takardar malanta da kuke kira En-Si-I. Ta uku hedimasta. Ta huɗu digiri. Ta biyar sufeton makarantu, mai zagayawa yana duba aikin malamai. A gefen kowace ka rubuta shekarunka na haihuwa da kake so ka kai ta. A ɗaya gefen kuma ka rubuta abin da ya rage maka kafin ka taka ta. Ka ce Turancinka na rubutu yana da rauni, za ka riƙa karanta littafi ɗaya duk wata. Ka ce za ka riƙa zama a bayan ajin wani tsohon malami sau ɗaya a sati ka ga yadda yake yi. Ban karanta ba a lokacin, amma na riƙe, kai ma ka san kaina ba ya zubar da magana.

Ka ce, “Baba, malamin da ya daina koyo rijiya ce da idonta ya toshe, ana ɗiba ana ɗiba har a kai ga laka.” Mamarka ta ji daɗin maganar. Ni na tambaye ka wata nawa ne karatun hutun, kuma wane wata. Ka ce dogon hutu na damina, duk shekara, har shekara huɗu ko biyar. Na tashi na fita.

Ka san dalili, amma masu karantawa ba su sani ba. Gida tara ne a gayyarmu. Lokacin dashen dauro da huɗar dawa, kowane gida yana ba da namiji ɗaya mai ƙarfi. Ranar taka su zo, ranar tasu ka je. Gidan da bai tura mutum ba, ba a zaginsa, ba a kai ƙararsa. Ranar tasa ce kawai za a wayi gari kowa yana ciwon baya. Dauro kuma ba ya jira, in irin ya tsufa a gadonsa an yi asarar shekara. Yayyenka mata duk suna gidajen mazansu, gwiwata ta fara, namiji ɗaya gare ni, shi ne kai. Har gobe ina cewa wanda ya ajiye karatun malamai a tsakiyar damina bai taɓa riƙe garma ba. Wannan ba zan janye ba.

Mun yi ta ja. Na ce wane irin karatu ne wanda ba ya ƙarewa, an ba ka takarda, an ba ka aji, me ya rage? Ka ce nan gaba Giredi Tu ba zai riƙe mutum a gaban allo ba. Na ce nan gaba tana hannun Allah, dauro yana hannunmu. Shekara ta zagayo ka cika fom a kan tabarma a gabana. Da yake ana raɗe-raɗin za a canza maka makaranta, sai ka sa adireshin gida, wato akwatin coci.

Akwatin nan shi ne maganar. Ikkilisiyarmu tana da akwati ɗaya a fos ofis na Kafanchan, duk ƙauye da shi ake amfani, har waɗanda ba sa zuwa sujada. Dattawa sun ba ni makullinsa tun kana firamare. A gabana sun ce don ina da keke kuma ba na fashin kasuwa. A bayana na san dalili na biyu, wato ban iya karatu ba. Wanda ya riƙe kafin ni yakan ɗaga ambulan a rana ya leƙa, kafin Lahadi duk gari ya san wa aka sallama daga aiki, wa kuma aka ƙi aurensa. Ni kuwa in kwaso, in ɗaure da roba, in miƙa wa sakataren coci, ranar Lahadi bayan sanarwa ya kira sunaye. Shekara goma sha biyar ko kati ɗaya bai ɓata a hannuna ba.

Abin da dattawan suka manta shi ne wanda bai iya karatu ba yana da ido. Ranar da kake cika fom na ga tambarin da ke samansa, littafi a buɗe da fitila a kai. Sunanka kuma na san kamanninsa, don shi ne a jikin akwatinka na ƙarfe tun kana makarantar horon malamai, harafin farko a tsaye kamar turke.

Sati biyu kafin hutu na buɗe akwatin fos ofis na ga ambulan ruwan ƙasa, ga littafi ga fitila, ga turke. Na ɗaure shi tare da sauran. Na wuce tashar jirgi, na fita gari, na tsaya gindin wani mangwaro kamar mai gyara ɗaurin kaya. Na zare shi na sa a aljihun ciki. Da na iso gida na naɗe shi na sa a gwangwanin shayi mai murfi, na hau rumbu na tura shi a lungu ƙarƙashin jinka. A wurinmu mace ba ta hawa rumbun maigida, kai kuma ba ka hawa sai na aike ka.

Ban yaga ba, ban ƙona ba. Abin da na gaya wa kaina shi ne a gama dashen dauro, kwana goma sha huɗu kawai, sai in fito da shi in ce ya maƙale ne a ƙasan jaka. A tunanina makaranta kamar gona ce, wanda ya makara ya shiga kunya ta gaba ya ci gaba da aiki.

Ka zo hutu da sabon bokiti da littattafan rubutu guda shida. Duk ranar kasuwa in na dawo sai in tarar da kai a bakin ƙofa. Ka karɓi keken, ka jingina shi, ka kwance kayan, sa'an nan ka ce, “Baba, ba komai?” In ce ba komai. Sau bakwai muka yi haka.

A cikin kwanakin ne abokinka Ɗanjuma ya zo yi maka sallama da katifarsa ɗaure a bayan babur. Shi tasa takardar ta makarantarsu ta bi. Ɗanjuman da kake zaunarwa gindin ɗorawa kana koya masa lissafi kafin jarrabawar shiga. Ka raka shi har bakin titi, ka dawo ka sa bokitin a ƙarƙashin gado. Mamarka ta ce ka je kwalejin da ƙafarka ka duba, ko an yi kuskure. Ina zaune ina wasa garma, hannuna ya tsaya. Ka ce mata, “Mama, wanda ake so kiransa ake yi.” Ba ka je ba. Wannan taurin kai ba daga gidan su mamarka ka ɗauko shi ba.

Ka yi gayyar gida tara kamar mai faɗa da ƙasa. Ba ka tsayawa shan kunu sai an kira ka sau biyu. Mutane suna ta yaba mini, wai Dogara ya haifi tica mai garma. Dauron shekarar ya cika rumbu har wuya, ban taɓa samun irinsa ba. Duk lokacin da na hau ɗiba, hannuna sai ya taɓa gwangwanin.

Kwana goma sha huɗun suka cika ban fito da shi ba. Suka zama wata. Da wata ya wuce na gane cewa in na miƙa maka, ba takardar kwaleji za ka karanta ba, ni za ka karanta. Na ce bari shekara ta zagayo, in ka sake cika fom, ranar da amsa ta zo ko ruwa ake da ƙanƙara zan kawo maka da gudu, shi ke nan an rufe magana. Da lokacin ya yi na ce maka, ina kallon wani wuri, ba a sake gwadawa ne? Ka ce sun ga takardunka sau ɗaya, sun ba ka amsa.

Daga nan abin da ya biyo baya ka fi ni sani. Na ji daga Samaru cewa ka daina zama a bayan ajin tsohon malamin nan. Ka daina guge wando. Littafin wata-wata ya tsaya. Ga albashi yana makara, ga yajin aiki, mutane suka ce su ne suka kashe maka jiki, ni ma na bi su na ce haka ne. Bayan shekara biyu ka ajiye alli ka bi Emeka, ɗan direban jirgin nan na kwatas ɗin reluwe, wai za ku sayar da kayan gyaran mota a kudu. Na raka ka tasha. Ina riƙe da keke, kana leƙowa ta taga, jirgin ya daɗe bai tashi ba, lokaci ya isa a faɗi magana goma. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

To, dalilin shigata aji ke nan. Na gaya wa fasto ina so in karanta Zabura da kaina. Gaskiyar ita ce akwai takardar da nake so in karanta ba tare da idon kowa ba. Ina da wani zato da nake lallaɓa kaina da shi, cewa wataƙila ma ba ɗaukarka suka yi ba, wataƙila haƙuri suka ba ka, ka ga ke nan ban hana ka komai ba. Ranar da malamar ajin ta ce na iya, na dawo na hau rumbu, na buɗe ambulan ɗin a hankali da wuƙa. Turanci ne daga sama har ƙasa. Na gane sunanka, na gane Kagoma, na gane wasu lambobi, sauran kamar jerin tururuwa. Shekara uku a bencin mata. Ya kamata in sani tun farko, amma ban yi tunanin ba. Na mayar da ita inda take.

Watan jiya aka turo sabon hedimasta makarantar ƙauyenmu. Ɗanjuma ne. Ya yi ƙiba, ya sa tabarau, amma ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata. Ya ce yana so ya leƙa ɗakinka. Bangon yana nan yadda ka bar shi. Sau uku mamarka tana so a yi masa yaɓe lokacin Kirsimati ina hanawa, har ta ce na fara rikicewa. Inda allin ya dushe nakan bi shi da sabo, a kan layinka, ban ƙara ko ɗigo ba.

Ya daɗe a tsaye a gaban tsanin. Sai ya zaro wani tsohon littafi daga jakarsa ya nuna mini, ga shi nan ya kwafe shi tun wancan lokaci, matakala biyar, har da na gefe. Ya ce shi yanzu yana kan ta uku, ya fara neman ta huɗu. Ya ce duk sabon malamin da aka turo masa, a satin farko yakan sa shi ya zana nasa, ya rubuta inda yake, inda yake so ya kai, da abin da ya rage masa, duk ƙarshen zango su zauna su duba tare. Wai sunan abin a bakinsu tsanin Ishaya. Sa'an nan ya cire tabarau ya ce har yau bai gane yadda aka ɗauke shi aka bar ka ba.

Na ce ya jira ni. Hawa rumbu da gwiwa biyu marasa lafiya yana ɗaukar lokaci, mamarka tana tsakar gida tana tsince wake tana kallona. Na sauko na miƙa masa na ce ya karanta da ƙarfi ya juya mana da Hausa.

Ga abin da ke ciki, tunda kai ne mai ita kuma ba ka taɓa ji ba. Suna farin cikin sanar da kai an ɗauke ka. Ka zo ranar Litinin ta farkon hutu da satifiket ɗinka na asali, da hoto huɗu, da takardar izini daga hedimastanka, da katifa, da bokiti. Wanda bai zo cikin sati ɗaya ba za a ba wani gurbinsa. Ke nan. Shekara takwas ina jin tsoron takarda mai maganar bokiti.

Ɗanjuma ya mayar da tabarau ya kalli ƙasa. Mamarka ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta share hannu a zane, ta karɓi takardar, ta ninke ta shiga ɗaki da ita. Tun ranar tana ajiye mini tuwo a bakin ƙofa ba ta kirana. In tana da magana kaji take gaya wa, ni in tsinta. Sau ɗaya ta dube ni, ta ce, “Tunda ka iya rubutu, sai ka rubuta masa.” Ga shi ina yi.

Lahadin da ta biyo, bayan sanarwa, na miƙe na faɗi abin da na yi a gaban jama'a, na ajiye makullin a kan tebur. Wasu dattawa sun so a yi maganar a ɗaki, na ƙi. A ɗaki na yi ta shekara takwas. Sakatare ya yi ta girgiza kai kamar shi bai taɓa zunubi ba, alhali na san inda iyakar gonarsa take da, na san inda take yanzu. An sa ni horo na wata uku, an ɗauke ni daga kujerar dattawa zuwa bencin baya. Bencin baya na saba da shi.

Yanzu ga abin da ya sa ban jira ka dawo don kanka ba. Ɗanjuma ya ce maganarka ta fito, ana ta faɗa a ofishin ilimi cewa mai Giredi Tu kaɗai kwanansa a gaban allo ya kusa ƙarewa. Amma ya ce taka takardar ta Giredi Tu ba ta mutu ba, har yanzu tana buɗe ƙofar karatun hutu. Fom na bana ya fito, za a rufe karɓa ƙarshen watan shida. Ya karɓo ɗaya ya kulle a durowar ofishinsa. Ba zai iya cika maka ba, sai da sa hannunka da hotonka, kuma sai sun gan ka ido da ido. Aji biyar na makarantarsa ba malami tun Ista, ya yi magana a ofis, ya ce in gaya maka bai yi alkawari ba amma akwai hanya. Na ce masa shekararka talatin da huɗu yanzu. Ya yi dariya ya ce a ajinsu na hutu akwai mai jika.

Satifiket ɗinka na asali yana cikin akwatin ƙarfe, mamarka ta sa masa maganin gara. Bokitin ne ba zan ɓoye maka ba, mun yi amfani da shi, ya huje.

Maganar gayya kuma ba taka ba ce daga yau. Na ba ɗan ƙanena gonar gangare ya noma, gidansu ya ɗauki ranarmu. Da ƙafata na je na zauna a zauren ƙanena na roƙa, matarsa tana jin mu. Kai ka san abin da wannan ya ci mini. In ka zo, daminarka taka ce, huɗu ko biyar, duk yadda suka ce.

Shekarun da ka rubuta a gefen tsanin duk sun goce, sai an ƙara wa kowanne takwas. Na iya lissafin yanzu, da zan iya gyarawa, amma ban taɓa ba. Wannan aikin hannunka ne.

Ba na cewa laifin nawa ne ni kaɗai. Da ka ji maganar mamarka ka je ka duba, da masu kwaleji sun san lokacin dauro, da ubana ya ba mishan ni. Na rubuta wannan na tsaya na sake karantawa, na ga duka gaskiya ne, kuma ba ko ɗaya a cikinsu da ya tsaya gindin mangwaro ya zare ambulan. Na bar layin don ka ga ubanka bai canza duka ba.

Ishaya, ban iya roƙo ba, ban koya ba ina yaro, ajin mata ma ba su koyar da shi. Ban ce ka sauka a gidana ba. Ka sauka wurin Ɗanjuma, ya ce akwai ɗaki. Mamarka za ta zo ta same ka can, ni in ba ka so ba zan taka ba. In kuma kasuwa ta karɓe ka, ka yi gida, ba ka sha'awar alli kuma, ba zan ce ka yi laifi ba, sayar da kayan mota sana'a ce. Abu ɗaya ne ba zan yarda ka ci gaba da ɗauka ba. Kana yawo a garin mutane da tunanin an auna ka an ga ba ka kai ba. Ba haka aka yi ba. Sun auna ka, sun kira ka. Kiran ne bai iso ba, don ya biyo ta hannuna.

Ina tuna ranar da ka fara zuwa makaranta, ka dawo ka zana harafi a ƙasa da tsinke, ka kama yatsana kana bi da shi a kai, kana cewa in sake, ban yi daidai ba. Shekararka shida. Na janye hannuna na ce ina da aiki. Malamar ajinmu ta yi ƙoƙari, Allah ya sāka mata, amma da ta kama yatsana sai na ji ba hannun da ya kamata ba ne.

Har yanzu ina zuwa Kafanchan ranar kasuwa, ko da yake ba makulli a aljihuna, keken ma turawa nake yi a hawa. Nakan bi ta tasha in tambaya ko jirgin kudu zai shigo. Yanzu ba kullum yake zuwa ba. In za ka rubuto, ka rubuto ta makarantar Ɗanjuma ko ta akwatin coci, duk ɗaya ne, ba ta hannuna za ta bi ba. Amma ka tuna ƙarshen watan shida, kuma wasiƙa ba ta sa hannu a fom.

Sau bakwai ka tsaya a bakin ƙofa ka yi mini tambaya ɗaya, sau bakwai na ba ka amsar da ba ita ba. Ga ta yau, ko da ta makara. Akwai, ɗana. Akwai takarda. Tana hannun mamarka, a ƙarƙashin matashinta.

Ubangiji da ya san inda kake, tunda ni ban sani ba, ya sa wannan ta faɗa hannun mai kai saƙon da ya fi ni amana. Ya tsare fitarka da shigarka. Ya ba ka zuciyar da za ta iya karantawa har ƙarshe, ya ba ka ƙafar hawa matakala ta biyu, ko a nan ko a wani wuri. Ni kuma ya ba ni kwana in gani, in kuwa bai ba ni ba, ya gafarta mini abin da ke tsakanina da kai. Amin.

Ni ne ubanka,
Dogara,
na bencin baya.